A Rufe Sunan Garin A Gani: Ƙorafi Kan Yadda Ake Siffanta Wuri Da Gini

Duk malamin da ya taɓa kwana da tarin takardun insha'i a gabansa ya san wannan ciwo, ko da bai taɓa faɗinsa a taron malamai ba. An ce wa yara su siffanta garinsu. Yaro ɗan Dogon Kiriya ya rubuta cewa garinsu kyakkyawan gari ne mai albarka, mai daɗaɗɗen tarihi; mutanensa manoma ne da makiyaya, masu karamci da son zaman lafiya; akwai kasuwa, akwai masallaci, akwai makaranta da gidan likita; sa'an nan ya rufe da cewa yana ƙaunar garinsu matuƙa. Yarinya ƴar Matankari ta rubuta haka nan. Ɗan Tibiri da ƴar Dumega ba su sauya ko wasali ba. Malam ya duba, bai ga kuskuren nahawu ba, ya ɗauki jan alƙalami ya ba kowa 14 bisa 20, ya wuce.

Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata a yi wa irin wannan rubutu kafin a ba shi maki. A sa babban yatsa a rufe sunan garin, a miƙa wa wani malami takardar, a ce ya faɗi inda ake magana. In ya kasa rarrabe ko Dogon Kiriya ce, ko Gaya, ko wani ƙauye na bakin tafkin Cadi, to ba a siffanta kome ba. Shafi kawai aka cika. Siffantawa shaida ce. Mai siffanta wuri tamkar wanda aka tsayar gaban alƙali ne, aka ce ya faɗi abin da idonsa ya gani. Wanda ya faɗi abin da bai duba ba, kome daɗin lafazinsa, sunan abin da ya yi sananne ne a shari'a. Abin takaici shi ne makaranta ce ke horar da yara a kan wannan shaidar zur, tana kuma saka musu da maki. Laifin ba na yaro ba ne. Na waɗanda suka ba shi zanen aro ne, suka ce ya ɗaura, alhali kowa ya san zanen aro ba ya rufe katara.

Zane biyu na aro

Zane na farko na maroƙi ne. Kirari yana da muhallinsa, kuma babu mai hankalin da zai raina shi. Amma aikinsa ɗaukakawa ne. Maroƙi ba ya cewa katangar fada ta tsage, kuma ba a sa ransa ya faɗa. Sa'ad da aka ɗauko harshen kirari aka shigo da shi darasin siffantawa, sai kowane gari ya zama mai albarka, kowane masallaci ya zama ƙasaitacce, kowace kasuwa ta cika ta batse. Ko a nan ma an yi wa kirarin rashin adalci, domin kirarin gari na ƙwarai yakan kama abu guda da garin ya keɓanta da shi, wanda ba ya dacewa da wani gari. Abin da yara ke rubutawa ɓawon kirari ne wanda aka cire wa ƙwaya.

Zane na biyu na mai rahoto ne. Tun da aka kafa ƙananan hukumomi aka yi zaɓensu na farko a 2004, kowace ta sami kundin tsarin raya ƙasa, kuma kowane kundi da salo ɗaya yake buɗewa: wuri kaza yana da nisan kilomita kaza daga Yamai, ya yi iyaka da kaza a gabas da kaza a yamma, yana da mutane kaza, daga nan sai jerin matsaloli, wato fari, da zaizayar ƙasa, da talauci, da ƙaurar matasa. Wannan rubutu yana da amfaninsa wajen neman kuɗin gina rijiya. Amma ya tsallako daga ofis ya shiga aji, ya shiga jarida, har ya shiga bakin ƴan garin kansu. A harshen maroƙi gari ba ya rasa kome. A harshen mai rahoto gari ba shi da kome sai rashi. Dukkansu biyu ana iya rubuta su daga ɗaki mai sanyi a Yamai, ba tare da ƙafa ta taɓa rairayin Dallol Mawri ba. A shekarun baya-bayan nan kuma an sami ƙari na uku: sunan Dogon Kiriya ba ya cika fitowa a rediyo sai tare da labarin tsaro. Wanda bai san garin ba, abin da ya sani ke nan.

Darasin Faransanci ma yana da nasa kason laifi. Shekara da shekaru ana karanta wa yaran ƙasar nan littafin Camara Laye, L'Enfant noir, na 1953, inda ya siffanta ɗakin mahaifinsa da maƙerarsa a Kurusa ta ƙasar Gine. Sai a sa yaro ya ja layi ƙarƙashin sifofi, ya ƙidaya su, ya hardace jerin kalmomin da ake cewa da su ake ƙawata bayani. Ba a gaya masa cewa abin da ya raya waɗannan shafuka shi ne Laye ya zauna a bakin maƙerar ya duba, ya ji zafin wuta, ya san sunan kowane abu da ke rataye a bango. An ba yaro kalmomin Laye, an hana shi idon Laye. Ya tashi ya san maƙerar Kurusa fiye da ta unguwarsu, wadda yake wucewa kullum da safe a hanyar lakwal.

Mai kwatance ya riga mai alƙalami

Masu kare wannan hali sukan ce siffanta wuri ba al'adar Bahaushe ba ce, wai baƙon fanni ne da ya zo tare da littafin Bature. Mai wannan magana bai taɓa ɓata hanya a daji ya tambayi manomi ba. Manomin ba zai ce masa hanyar kyakkyawa ce ba. Zai ce ya bi burtali ya yi arewa har ya bar jigawa ya hau fako, ya bar gawo mai rassa biyu a hannun dama, in ya ga geza ta fara yawa ya san dutsi ya kusa, ya gangara ƙorama, rijiyar tana yamma da tsohuwar tunga. Babu kalma guda ta ado a ciki, kuma babu wadda za a cire ba a ɓatar da matafiyi ba. Wannan shi ake kira kwatance, kuma shi ne uban siffantawa. Ma'auninsa mai tsanani ne: ko baƙo ya isa, ko ya kwana a daji.

Sunayen garuruwa ma shaida ne. Wanda ya fara cewa Dogon Dutsi ya siffanta wurin da kalma biyu, kuma duk matafiyin da ya tunkaro garin a kan babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni yakan ga gaskiyarsa tun daga nesa. Wanda ya dubi tsaunin garin ya kira shi Tozon Bijini ya yi kamance irin wadda marubuci kan shekara yana nema. Dogon Kiriya kuwa, duk Bahaushen da ya ji sunan, itacen ƙirya ne zai faɗo masa a rai: itace mai taurin da gara ke shakka, wanda masassaƙa ke fafe turmi da shi, maƙera kuma ke neman gawayinsa saboda ƙarfin wutarsa. Ko kalmar Arewa kanta tana buƙatar bayani, domin baƙo yakan zaci kusurwa ake nufi, alhali ƙasar Arawa ce, waɗanda tarihin baka ke danganta sarautarsu da Ari, ɗan sarkin Barno, Zabarmawa kuma ke kiransu Mawri. Yaron da ke zaune a tsakiyar wannan dukiya ta suna, a ce abin da ya iya rubutawa shi ne garinsu mai albarka ne?

Haka ƙasar da yake takawa. Dallol Mawri tsohon kwarin kogi ne da ya daina gudu tun zamani mai nisa, ya bar faffaɗan rairayi tsakanin tuddai masu jan dutse. Manomin wannan yanki ba ya cewa ƙasa kawai. Yana da jigawa mai rairayi inda hatsi ke yi. Yana da fako inda ruwa ke zamewa ba ya shiga. Yana da fadama, yana da laka, yana da tudu da kwari. Ya san rijiya da gaba ake auna ta, kuma zurfinta a cikin kwari daban yake da zurfinta a kan tudu. Daga wannan bambanci kaɗai ana iya fahimtar dalilin da ya sa gari ya zauna inda ya zauna, da tsawon lokacin da mace ke yi kafin ta cika tulu. Ya san gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa, shi ya sa ake barinsa a tsakiyar gona. Duk wannan ilimi yana gidan su yaron. A ƙofar aji ake karɓe masa shi, kamar yadda ake karɓe sanda a ƙofar fada.

Kada a ɗauka wannan magana ta masu sha'awar adabi ce kurum. Tun bayan dokar tsarin karkara ta 1993, an kafa kwamitocin filaye har zuwa ƙauyuka, ana rubuta takardun saye da kyauta da aro da jinginar gona. Wani ne zai riƙe alƙalami ya rubuta inda gonar ta fara da inda ta tsaya, da inda burtali ya ratsa. Wannan wanin kuwa shi ne yaron da aka ba 14 bisa 20 don ya ce garinsu kyakkyawa ne. Iyakar da aka rubuta da harshen da bai saba kama abu ba, rigima ce aka ajiye wa ƴaƴa da jikoki.

Gini yana da sunaye

Inda abin ya fi muni shi ne wajen gini. A takardun yara, har da rubutun manya a jaridu, gidaje iri biyu ne kacal: na ƙasa da na siminti. Na farko alamar ci baya, na biyu alamar ci gaba, magana ta ƙare. Amma magini bai san wani abu wai shi gidan ƙasa ba. Ya san zaure da shigifa da soro da kago da tafarfara. Ya san tubalin da ake mulmulawa da hannu, da bulon da ake bugawa a ma'auni. Ya san azara da bakan gizo da ɗaurin guga, ya san rawani da zanko da indararo, ya san yaɓe da daɓe da makuba. Mai jinka ya san tanka da shuci, mai darni ya san zana da kara. Kowace kalma a cikin waɗannan aiki ce, da dalilinta, da lokacinta a shekara. Marubucin da ya tattara su duka ya kira su ƙasa, daidai yake da wanda ya shiga kasuwar dabbobi ya fito ya ce ya ga bisashe.

Mai son siffanta gini, tambayoyi ne jarinsa, ba sifofi ba. Da me aka yi shi, daga ina aka ɗauko? Ramin da ke bayan gari, wanda ke cika da ruwa da damina, shi ne mahaifar gidajen garin; in an siffanta katanga ba a ambaci ramin ba, an ba da rabin labari. Azara daga giginya ake tsaga ta, giginya kuwa ta fi yawa can kudancin kwarin, wajen Gaya. Saboda haka azarar da ke rufin wani tsohon soro a arewacin Arewa tana iya ɗauke da labarin tafiya da ciniki da arzikin wanda ya gina shi. Don me ɗakunan da aka rufe da azara ba su cika faɗi ba? Domin azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a tazara mai tsawo, sai an tokare ta da ginshiƙi ko an ɗaura baka. Ga dalilin bakan gizo tun kafin a zo maganar kyansa. Ina ƙofa ta fuskanta? Wane bango ya fi cin wuya? A wannan ƙasa hadari daga gabas yake tasowa, ruwa da iska su doki bangon gabas, shi ya sa shi ake fara yi wa yaɓe kafin damina. Wa ke shiga, wa ke tsayawa a waje? Zaure ba ɗaki ba ne kawai: iyaka ce tsakanin baƙo da iyali, kuma wanda ya siffanta shi bai faɗi haka ba ya ga bango bai ga gida ba.

Sa'an nan a bar harshen ya yi aiki da ƙarfinsa. Faransanci yana da yalwar sifofi, kuma da su ake koyar da siffantawa a cikinsa. Hausa ba ta da su da yawa. Yaron da ke fassara darasin Faransanci a zuciyarsa yakan ƙare a kan kyakkyawa da babba da mai ban sha'awa, ya yi ta juya su. Ƙarfin Hausa yana ga suna na daidai, da aikatau mai kama motsi, da amsa-kama. Bango yakan tsage, ya rufta, ya zaizaye, ya bubbuge, ya jirkice, kuma kowanne ciwo ne daban da maganinsa. Fari fat ba fari sol ba ne. Gari ya yi tsit da azahar, kasuwa ta cika maƙil, dutse ya yi ja wur da la'asar. Da waɗannan ake gini, ba da kayan aro ba.

Misali ya fi dogon bayani. A maimakon a ce a gidan akwai babban rumbu mai kyau, ana iya cewa:

Rufewar tana kudu da turken awaki, an ɗora ta bisa duwatsu don kada gara da danshi su kai ga hatsi. Cikinta ya buɗe kamar na tulu, wuyanta ya tsuke, an kifa mata jinka a ka. Ta wajen gabas ruwan bara ya zaizaye yaɓen, har ciyawar da aka cuɗa da ƙasar ta fito zara-zara. Tsanin reshe ne mai baki biyu da aka sassare wa matakai. Na ƙasan ya yi santsi don taku. Da kaka, yaro na miƙa hannu daga baki yake taɓo zangarniya. Yanzu da bazara sai an zura shi ciki, muryarsa na fitowa kamar daga rijiya.

Ba a ce kyakkyawa ba, ba a ce talauci ba. Amma mai karatu ya ga rufewar, ya san ta ina ruwa ke zuwa, ya san watan da ake ciki, ya kuma san abin da ke hana mai gidan barci. Magini zai iya gyara ta daga wannan bayani. Wannan shi ne ma'auni na biyu, bayan na rufe suna da yatsa.

Uzurori

Za a ce jarrabawa ce ke tilasta wa malami, domin mai gyaran takardun BEPC tsari yake nema: gabatarwa, gundarin bayani, kammalawa. Tsari ba ya hana gani. Ana iya bin gida daga zaure zuwa turaka, ko daga tushe zuwa zanko, ko daga asuba zuwa almuru, kuma kowanne tsari ne da ya fi jerin akwai kaza, akwai kaza. Masu gyaran kuma ba daga sama suka faɗo ba. Malaman nan ne dai. In sun daina saka wa shafin da babu kome a cikinsa, yara za su daina rubuta shi cikin shekara guda.

Za a ce yabon ginin ƙasa yabon talauci ne, mutane kwano da siminti suke so, kuma suna da gaskiya, domin su ke kwana da fargaba in ruwa ya yi yawa. Ai ba yabo ake nema ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yoyon yana cikin abin da za a rubuta. A siffanta katangar da ta rufta, a siffanta wahalar yaɓe kowace shekara. A kuma siffanta ɗakin kwano da gaskiya ɗaya: yadda yake ɗaukar zafi da bazara har a gudo waje, yadda ruwa ke kaɗa shi har malami ya yi shiru a tsakiyar darasi, da kuɗin ci-rani da aka tara aka gina shi. Ajin zana da ake kafawa bayan kaka, a watse da shi in hadari ya fara, gini ne shi ma, kuma dubban yara a cikinsa suka koyi baƙi. Ya cancanci shafinsa. Wanda ya duba sosai ba ya raina ƙasa, ba ya kuma bauta mata. A Yama ta jihar Tawa, Falke Barmu, manomi kuma magini, ya soma ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya sake masa rufi da baka a 1975, ya tayar da hasumiya huɗu waɗanda babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 ginin ya sami lambar Aga Khan ta fasahar gine-gine. Tsohon birnin Agadas, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Masana daga nesa sun zo sun auna, sun zana, sun rubuta, akasari da Faransanci da Ingilishi. Harshen da magini ya yi tunani da shi sa'ad da yake ɗaura bakan, shi aka bari a baya wajen bayanin abin da ya gina.

Za a ce yanzu kowa na da wayar da ke ɗaukar hoto, me za a yi da dogon bayani? Hoto yana nuna bango, amma ba ya faɗin sunansa, ko wanda ya gina shi, ko dalilin da ya sa ƙofar ta kalli yamma. Ba ya ɗaukar ƙamshin ƙasa a ruwan farko, ko sanyin soro da tsakar rana, ko amon taɓarya da asuba. Hoto ma yakan yi ruɗi, kuma Arewa ta fi kowa sanin haka. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya, ta ƙone shi. Abin da aka rubuta a kan wurin a wancan lokaci daga alƙaluman sojojin da suka kai harin ya fito, su kuwa abin da ya dame su shi ne inda kibiya ke fitowa. Abdoulaye Mamani ya rayar da labarin a littafinsa na 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar lambar bikin FESPACO a 1987. Aiki ne na a yaba. Sai dai a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin. Ƙasar da duniya ta gani ta ɗauka Lugu ce, ba ƙasar Arewa ba ce. Wurin da masu shi ba su siffanta ba, wani zai siffanta musu shi, ko da wuta ko da kyakkyawar niyya, kuma siffar da ya bayar ita za ta zauna.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

An fara koyarwa da harsunan gida a makarantun gwaji tun 1973. An daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa a 1999. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk waɗannan nasarori ne a takarda. Amma in abin da za a yi da harshen shi ne a juya tsohon insha'in nan daga Faransanci zuwa Hausa kalma da kalma, to an sauya wa jaki akala ne kawai, kayan na nan yadda suke. Harshe yana samun daraja ne in ya faɗi abin da wani harshe bai iya faɗa ba game da ƙasar da ya tsiro a cikinta.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗin wata ƙungiyar waje. Kafin a ce yara su rubuta, a fitar da su daga aji, su zauna gaban abu guda na rabin sa'a: rijiya, ko zaure, ko rumfar mahauta. A hana su kalmomi uku na mako guda, wato kyakkyawa da babba da mai albarka, a ga abin da zai fito. A gayyato magini ko mai jinka ya tsaya gaban allo, yara su tambaye shi, malam ma ya ɗauki alƙalami ya zama ɗalibi, domin a wannan darasi maginin ne gwani. A sa su auna da taki da kamu da gaba, sa'an nan su mayar mita. A sa su koma wuri ɗaya sau huɗu, da damina da kaka da ɗari da bazara, su ga ko gari ɗaya ne. A ƙarshe a karanta rubutun a aji ba tare da suna ba. In ƴan ajin sun gane gidan wane ne, marubucin ya ci.

Ƙungiyoyin al'adu kuwa, waɗanda ƙarfinsu ke ƙarewa a kan raye-raye da jawabai a ranar biki, ga aikin da zai daɗe bayan an naɗe tabarmi. Kowace koleji a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri ta ɗauki gini guda a shekara, ta rubuta shi ciki da waje, da sunayen sassansa daga bakin masu aikin, a ajiye kofi a makaranta da ofishin magajin gari. Cikin shekara goma an sami kundin da babu wani masani daga waje da zai iya haɗa irinsa. Lokaci kuma ba ya jira. Ginin ƙasa yana rayuwa ne muddin ana yi masa yaɓe. In aka bar shi damina kaɗan, sai ya koma ramin da ya fito. In ya faɗi ba a rubuta shi ba, kalmomin da ke jikinsa su ma sun bi shi, domin babu mai riƙe sunan abin da bai taɓa gani ba.

A fara da yaron nan na Dogon Kiriya. A mayar masa da takardarsa ba tare da maki ba, a ce ya je gida ya tambayi tsofaffi daga ina sunan garin ya fito, ko akwai itacen da ake nufi, a ina ya tsaya, me ke wurin yanzu. Ya je ya tsaya a wurin, ya dubi gabas da yamma, ya rubuta abin da ya gani. Mai yiwuwa rubutun ya zo da kurakurai fiye da na farko. Amma in aka rufe sunan da yatsa, garin zai kasance yana nan.